Zaɓen Maganin Tsabtace Garke da Akurki a Yankin Dogo-Dogo

A ƙarshen watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a jikin agwagin gida a Magarya, makonni kaɗan bayan bayyanarta a jihar Kaduna ta Najeriya. Dogo-Dogo, wadda a lokacin take ƙarƙashin gundumar Magarya kafin a ƙirƙiro gundumar Dungas a 2011, tana bakin iyakar Najeriya, inda dabbobi da kaji ke kai da kawowa zuwa kasuwanni irin na Maigatari, kuma cuta kan biyo su a jikin keji da igiya da tayar mota da takalmin dillali.

Wajen tsabtace garke da akurki don tare irin waɗannan cututtuka, kuskuren da ya fi yawa shi ne auna maganin feshi da ƙarfin warinsa, alhali abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wace ƙwayar cuta ake son kashewa. Masana sun raba ƙwayoyin bairos gida biyu. Akwai masu lulluɓin kitse, kamar na murar tsuntsaye da na annobar awaki da tumaki, har da na zazzaɓin aladu a ƙasashen da ake kiwonsu, kuma waɗannan sabulu da ruwan jabel da girezil suna lalata su, domin da zarar kitsen ya narke ƙwayar ta mutu. Akwai kuma marasa lulluɓi, kamar ƙwayar ciwon baki da kofato, wadda girezil ba ya yi mata komai duk da kaifin warinsa, sai dai a bi ta da abu mai tsami ko mai kaifin toka, wato sinadarin sitirik ko sodar wanki kashi 4 cikin ɗari. Kanwa dangin wannan soda ce, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, saboda haka dogaro da ita lokacin annoba ganganci ne. Ciwon saifa kuwa ya fi su duka taurin kai, tunda ƙwayarsa kan yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru gommai. Mushen da ake zargin wannan ciwo ne ya kashe shi ba a feɗe shi, ƙonawa ake yi ko a binne da zurfi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan kiwo.

Ko an dace da magani, kashin dabbobi da laka suna cinye ƙarfinsa, musamman jabel, wanda rana da zafi ma kan raunana shi tun yana cikin jarka. Wajibi ne a kwashe taki, a wanke kwanon sha da na abinci da sabulu, sannan a fesa, a bar wurin a jiƙe gwargwadon lokacin da takardar maganin ta ƙayyade, abin da ke da wuya a lokacin hunturu da bazara, inda feshi ke bushewa nan da nan. Yawancin garkunan karkara daɓen ƙasa ne da ke shanye ruwan magani, don haka ya fi amfani a kankare saman ƙasar, a barbaɗa farar ƙasa, a bar wa rana wurin kwanaki. Haɗa jabel da abu mai tsami yana tayar da iska mai guba, kuma bai kamata a bar yara, waɗanda su ne suka fi sharar garke, su riƙa dama waɗannan magunguna ba.

Gano cutar kanta aikin likitan dabbobi ne da ɗakin binciken LABOCEL, mai reshe a Damagaram, kuma kiransu tun ranar da kaji suka fara mutuwa ya fi araha a kan sayen jarkar da ba ta dace da cutar ba.