Gida Mai Araha a Kewayen Abuja: Takarda da Hanya Kafin Farashi



An nemi in yi magana a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi unguwa mai sauƙin kuɗi a gefen babban birni, ya sayi gida ko fili. Na zaɓi Abuja domin a nan matsalar ta fi fitowa fili, kuma da wuya a sami wani a zauren nan da ba shi da ɗan uwa a Mararraba, Kubwa ko Suleja. Abin da nake so in kafa shi ne: kuɗin da dillali ya faɗa maka ba shi ne kuɗin gidan ba. Abu biyu ke yanke hukuncin ko gida ya yi araha, wato takardar da ke bayansa da hanyar da ke gabansa. Sauran batutuwa suna biyo baya.

Yadda aka zo nan

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Taswirar da aka zana wa birnin a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan uku da 'yan kai idan an kammala shi. An gina Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, amma direban da zai kai babban sakatare ofis da masinjan da zai share ofishin ba su sami gurbin da aljihunsu zai ɗauka ba. Sai suka gangara ƙauyukan Gbagyi da Gwandara da Gade da ke kewaye. Rusau ɗin da aka yi zamanin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan yankin, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara tura dubban mutane waje, da yawansu suka tsallaka iyaka zuwa jihohin Nasarawa da Neja. Yau akasarin masu aiki a Abuja ba a cikinta suke kwana ba.

Takarda: wa ke da ikon ba da ƙasa?

Nan zan daɗe, domin nan ne dukiyar mutane ta fi salwanta.

Mai neman gida a kewayen Abuja yana tafiya ne a kan ƙasa mai hukuma uku, ko da idonsa bai ga iyaka ba. Nyanya tana cikin Yankin Birnin Tarayya, Mararraba da ke manne da ita tana ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Zuba ta Abuja ce, Madalla da Suleja na Jihar Neja ne. A Nasarawa da Neja, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, mai wa'adin shekara 99 ga gidan zama. Can ana iya sayen fili daga hannun mai gona, a bi ta hukumar filaye ta jiha, NAGIS a Nasarawa ko NIGIS a Neja, a sa safiyo ya auna, a nemi takardar gwamna.

A Yankin Birnin Tarayya ba haka abin yake ba. Sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk ƙasar yankin mallakar Gwamnatin Tarayya ce, kuma minista ne kaɗai ke rabawa a madadin shugaban ƙasa. Dagaci ba shi da wannan iko, hakimi ba shi da shi, shugaban ƙaramar hukuma ma ba shi da shi. Saboda haka takardar cinikin da mai unguwa ya buga wa hatimi, shaidu huɗu suka dangwala, hujja ce cewa ka biya kuɗi. Ba ta hana katafila. Duk wanda ya taɓa wucewa ta unguwar da aka shafa wa jan fenti ya san yadda abin yake: alamar gicciye a jikin katanga, kwanan wata a ƙasanta, mata na fitar da katifu da tukwane, maigida na ɓalle ƙofofi da kwanon rufi don ya tsira da wani abu. Mafi yawan waɗannan mutane ba ɓarayin fili ba ne. Da guminsu suka saya, daga hannun wanda bai da ikon sayarwa.

Ba na ɗora laifin duka a kan 'yan asalin yankin. An yi musu alƙawarin diyya da sabon matsuguni tun farko, daga baya gwamnati ta ga kuɗin ya yi yawa ta sassauta, aka bar da yawansu a rataye. Wanda ya san wata rana za a karɓe gonar kakansa, ba abin mamaki ba ne ya yanka ta ya sayar. Amma tausayin mai sayarwa ba ya gyara takardar mai saye.

Akwai kuma takardun da ƙananan hukumomin yankin shida suka raba a da: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Tun 2006 aka ce a kai su hukumar filaye ta yankin, AGIS, a tantance. A 2025 hukumar birnin da kanta ta bayyana cewa cikin takardu sama da 200,000 da aka miƙa, waɗanda aka duba ba su kai 10,000 ba. Idan dillali ya ce maka "takardar tana kan hanya", to wannan ce hanyar. Haka nan rukunin gidajen da kamfanoni ke ginawa: sau da yawa babbar takarda tana hannun kamfani, mai saye wasiƙar kamfanin kawai yake riƙe da ita. Sai a tambaya a ga babbar takardar, a ga izinin gini, a kuma ji ko an jinginar da filin a banki.

Maganin duk wannan ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gidan. A ɗauki lauya, ba lauyan mai sayarwa ba, ya je AGIS ko NAGIS ko NIGIS ya yi binciken fayil. A ɗauki safiyo ya tabbatar lambobin da ke takarda su ne na filin da aka nuna maka, domin an sha nuna wa mutum fili a bakin titi alhali takardarsa ta bayan dutse ce. Mutanenmu suna biyan la'adar dillali ba gardama, amma kuɗin lauya sai su ga kamar asara ne. Wannan ɗabi'a tana ba ni mamaki.

A ra'ayina, rabin fuloti mai takardar gwamna a Masaka ko Suleja ya fi fuloti biyu masu takardar dagaci a cikin Yankin Birnin Tarayya, ko da adireshin na biyun ya fi daɗin faɗa a gaban surukai.

Hanya

Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Da aka cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wannan ya rushe lissafin da mutane suka yi shekaru suna yi, na cewa a sayi fili can nesa inda yake da araha, mota za ta cike tazarar.

Mu ƙaddara ma'aikaci yana kashe naira 3,000 kullum zuwa da dawowa, har da kuɗin acaɓa daga gida zuwa bakin titi. A kwanakin aiki 22 ya kashe 66,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. A shekara 792,000 ke nan, a shekara goma kusan miliyan takwas, ba a sa na uwargida ba idan tana aiki, ba a sa na 'yan makaranta ba. Idan bambancin gidan kusa da na nesa miliyan biyar ne, wanne ne mai arahar? Kowa ya sa nasa alƙaluman a wannan lissafi kafin ya biya kafin alƙalami.

Kuma nisa ba da kilomita kaɗai ake auna shi ba. Mararraba ta fi Gwagwalada kusa da tsakiyar birni nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya bi hanyar Keffi da safe ya san labari. Ana sallame sallar Asuba mutane ke fitowa, wasu ma a tasha suke yin ta. Kafin gari ya waye motoci sun cushe tun daga Masaka, ta Ado da Mararraba da Nyanya, har hawan Kugbo zuwa mahaɗar AYA. 'Yan talla na ratsa tsakanin motoci da burodi da ruwan leda, masu jiran mota sun yi dafifi a ƙarƙashin gada, kowa na leƙa fuskar direba don tsoron 'yan wan-cans, wato masu fashi da motar haya. Tafiyar minti ashirin takan ci awa biyu, da yamma a sake. Uban da ke fita 'ya'yansa na barci, ya dawo suna barci, ya biya wani farashi da ba a rubuta a takardar ciniki ba.

Don haka a fara da tambayar ina wurin aiki, sannan a nemi unguwa. Manyan hanyoyin shiga birnin uku ne. Mai aiki a Asokoro ko sakatariyar tarayya zai dubi ɓangaren Karu, Jikwoyi, Kurudu da garuruwan Nasarawa. Mai aiki a Wuse, Jabi ko Gwarimpa, hanyar Kubwa ta fi masa: Dutsen Alhaji, Kubwa, Dei-Dei, Zuba, har Suleja. Mai harka da filin jirgi ko Jami'ar Abuja, sai Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Ɗan kasuwar da shagonsa ke Dei-Dei ko Zuba ba ruwansa da wannan lissafi, Madalla a gare shi tsakiyar gari ce. Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a Mayun 2024, yana zuwa Gbazango a Kubwa da filin jirgi ta Idu, amma bai taɓa ɓangaren Nyanya ba, inda cunkoson ya fi muni.

Gargaɗi ɗaya a kan "titi na nan zuwa", kalmar da dillalai suka fi so. An ba da kwangilar hanyar Apo zuwa Karshi a 2011, mutane suka ruga suka sayi filaye a Karshi, aka shafe fiye da shekara goma ba a gama ta ba. A sayi wuri don hanyar da ake da ita yau. In wata ta zo, riba ce.

Ruwa, ambaliya, wuta, tsaro

Waɗannan zan taƙaita. Ruwan famfo daga madatsar Lower Usuma bai kai ga akasarin garuruwan gefe ba, sai burtsatse ko 'yan garuwa, kuma a unguwanni masu dutse haƙa burtsatse kan ci kuɗi mai yawa. A tambayi maƙwabta zurfin da suka haƙa. Wuta kuwa kamfani ɗaya ne, AEDC, ke ba Abuja da Nasarawa da Neja, don haka abin dubawa shi ne ko unguwar tana da taransifoma, ko kuwa karo-karo za a dinga yi.

Ambaliya ta fi ƙarfin a yi mata wasa. A Yunin 2023 ruwa ya mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe har hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, Lokogoma ma ta sha irin wannan. Gidaje ne masu kyau da tsada, amma a hanyar ruwa suke. Kada a duba gida a watan Janairu a yanke shawara. A koma a Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, a dubi gindin katanga ko akwai zanen da ruwa ya bari, a lura ko sabon fenti ya tsaya daidai ƙugu.

Game da tsaro, satar mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 ta nuna cewa gida na ƙarshe a gindin dutse ko bakin daji yana da dalilin araharsa. Mai iyali ya shiga cikin jama'a, ko da filin ya fi ƙanƙanta.

Ina kuɗin zai fito?

Ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, suna da haƙƙin neman rance ta Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Waɗanda ke ƙyamar kuɗin ruwa suna da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, da kuma ƙungiyoyin gama kai na wurin aiki. To amma duk bankin da ka je, abin da zai fara tambaya takarda ce, kuma ba ya karɓar ta dagaci. Mai saye da kuɗin hannu ma ya tuna wata rana shi ko magadansa za su so sayarwa.

Shawarata ga mai niyya ita ce ya kama haya a unguwar da ya yi wa ido, ya yi damina ɗaya a can. Zai san farashin kurar ruwa, zai san ƙarfe nawa zai fita, zai ji wane layi ne ake rigima a kansa a kotu, labarin da ba dillalin da zai ba shi.

Ga hukumomi kuma, roƙona biyu ne. Hukumar Birnin Tarayya ta gaggauta tantance takardun ƙananan hukumomi da suka yi shekaru a AGIS, kowa ya san matsayinsa. Ita da gwamnatin Nasarawa kuma su zauna su samar da jirgin ƙasa ko manyan motocin haya masu layinsu na daban a hanyar Keffi. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da ke zauren nan, kafin ku sake yanka wa mambobinku albashi don sayen fili a dunƙule, ku kawo musu sakamakon binciken fayil a rubuce, kowa ya gani da idonsa.