Iliya Ɗan Maiƙarfi: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari



An ba mu dama, mu ɗalibai Kirista, mu yi magana a kan wani littafin Hausa wanda muke ganin an yi masa riƙon sakainar kashi. Mun zaɓi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a Zariya a farkon shekarun 1950. Ɗan ƙaramin littafi ne, mutum ya iya gama shi tsakanin la'asar da magariba. In an tashi lissafin littattafan hikaya, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ake fara ambata, a bi da Ganɗoki, Iliya kuwa sai in an tuna. Alhali ko a kasuwar Shinkafi ran Alhamis kana jin ana cewa kwalele dokin Iliya, daga bakin mutanen da ba su taɓa ganin bangon littafin ba.

Da muka faɗi zaɓinmu, wasu 'yan'uwanmu na ikilisiya suka ce ina ruwan Kirista da ƙanzon kurege, labarin yaƙi da abubuwan al'ajabi? To, su muke so mu fara ba amsa.

Asalin Iliya mutumin Rasha ne, can ana kiransa Iliya Muromet, kuma mawaƙan ƙasar sun yi ɗaruruwan shekaru suna rera labarinsa. Sarki Waldima na littafinmu shi ne Biladimir, wanda ya shigar da jama'arsa addinin Kirista a shekarar 988. Birnin Kib kuwa shi ne Kiyef, babban birnin Yukren, wanda yaƙi ya sa sunansa a kowace rediyo tun 2022. A kogunan gidan masu ibada na wannan birni akwai gawar wani da ake ce shi ne Iliya. Ikilisiyar Otodoks ta sa shi cikin tsarkaka a 1643, da masana suka duba ƙasusuwan a 1988 kuma suka sami alamar ciwon ƙashin baya da raunukan yaƙi. Watau waliyyin Kirista ne Malam Ahmadu Ingawa ya sa wa babbar riga da rawani. Ko sunan bai bukaci sauyi ba, gama sunan Annabi Iliya ne, wanda muke karantawa a Littafi Mai Tsarki.

Amma ba asali kaɗai ya sa muka zaɓe shi ba. Ku dubi yadda labarin ya fara. Jarumin bai iya ko miƙewa. A ruwayar Rashawa shekara 33 ya yi a zaune, iyayensa na gona, sai ga matafiya masu ibada a ƙofa suna neman ruwan sha. Suka ce ya tashi ya kawo, ya tashi. Wanda ya taso a ɗakin sujada ba zai karanta wannan ba sai ya tuna da mutumin da ya yi shekara 38 kwance a bakin tafkin Baitasda, a Yohanna sura 5, ya kuma tuna da baƙi uku da suka sauka wa Ibrahim a Farawa sura 18. Baƙin Annabi Ibrahim kuwa 'yan'uwanmu Musulmi sun san su sarai, Alƙur'ani ya ba da labarinsu. Wataƙila shi ya sa labarin ya zauna daram a bakin marubuci Musulmi, bai sha wuyar mai da shi namu ba.

Abin lura a nan shi ne, Iliya bai gaji ƙarfinsa ba, bai sha tauri ba, bai saya wurin boka ba. Ba shi aka yi, rana ɗaya, bayan ya daɗe yana ɗanɗanar rashi. Wanda ya san ranar da aka ba shi abu ya san aro ne. Samson ma ba shi aka yi, amma ya mance, har sai da aka ƙwaƙule masa ido. Iliya bai mance ba. Mawaƙan Rasha sun ce sarkin da yake wa bauta ya jefa shi kurkuku, da abokan gaba suka kewaye birni aka fito da shi, ya hau doki domin gwauraye da marayu, ba domin sarki ba. A ƙarshen littafinmu kuwa bai nemi gadon sarauta ba, Allah ya roƙa ya mai da shi dutse. Ya mayar da kayan aro ga Mai shi.

Ba mu ce littafin ba shi da aibi ba. Abokan gaba suna zuba a cikinsa kamar ana girbin gero, ba a tsaya an tambaya ko suna da uwa ba. Wannan yana damunmu, mu da aka umarta mu ƙaunaci maƙiyi, kuma ba za mu ɓoye ba.

Duk da haka, mu da muka fito daga Ɗan Isa da Ƙaura Namoda ba mu karanta shi kamar tatsuniya. Ƙasarmu ta san mahaya doki, sunan jarumi Namoda garin Ƙaura yake ɗauke da shi. Ta kuma san wani irin ƙarfi dabam. Shekara da shekaru mutanen Zurmi da Shinkafi suna fama da samari masu bindiga a kan babura, waɗanda suka ɗauka ƙarfin nasu ne, suna sa wa manomi haraji kafin ya girbe gonar ubansa. Waɗansunmu a wannan ɗaki, Musulmi da Kirista, an tara kuɗin fansa a gidajensu. Ƙannenmu suna girma ba su ga mai ƙarfi ba sai irin wannan.

Saboda haka roƙonmu ga shugabannin ƙungiya shi ne, a sayi kofe ashirin na littafin daga kuɗin wannan zango, duk mai zuwa gida hutu ya ɗauki ɗaya, ya tara yaran unguwa da dare ya karanta musu, ya dawo da shi in an koma karatu.