Rabuwar Aure Cikin Mutunci: Hanyoyin Da Doka Ta Tanada

Hausawa kan ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wani saɓanin magabata kan kashe shi a zaure, wani kuwa yakan kai inda rabuwa ta fi zama alheri. Wannan jawabi ya shafi ma'auratan da suka kai wannan matsayi, kuma suke so su rabu ba da tonon asiri ba.

Garin Jos ya isa misali. Haƙar kuza ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, saboda haka a unguwa ɗaya akan sami aure iri uku: na Musulunci, da na gargajiya, da na rajista. Kowanne da ƙofar da ake fita ta cikinta, kuma lalle ne ma'aurata su fara sanin irin auren da ke kansu.

Auren rajista, watau wanda aka ɗaura a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi aka ba da takardar shaida, ba mai ikon warware shi sai Babbar Kotun Jiha. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Sai a yi auren gargajiya, a bi shi da na rajista, in zama ya ƙi a maido da dukiyar aure a ce an rabu, alhali kuwa a idon doka auren yana nan daram, wanda ya sake aure a kansa ya jawo wa kansa shari'a.

Dokar al'amuran aure ta 1970 dalili ɗaya ta sani, shi ne aure ya lalace yadda ba ya gyaruwa. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce a nuna an yi shekara biyu a jere ba a zaune tare, kuma wanda aka kai ƙara bai ƙi a raba ba. In ya ƙi, sai an cika shekara uku. Ta wannan hanya ba a bukatar kowa ya tsaya gaban jama'a yana lissafa laifin abokin zamansa. Amma fa yarda dabam, haɗa baki a yi wa kotu ƙarya dabam. In alƙali ya gane an ƙulla labari don a yaudare shi, ba zai raba auren ba. Har ila yau galibi ba a shigar da ƙara kafin aure ya shekara biyu sai da izinin kotu, kuma wajibi ne alƙali ya duba ko akwai sauran damar sulhu. Hukuncin farko na wucin gadi ne, yakan tabbata bayan wata uku. In akwai 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 16, sai kotu ta gamsu da tanadin da aka yi musu tukuna.

A auren Musulunci, shari'a ta fi son a fara naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. In abin ya faskara, miji na iya yin saki ɗaya, ko mata ta nemi hul'i ta mayar da sadaki ko abin da suka daidaita a kai. Idda tsarki uku ce, ta mai ciki kuwa sai ta haihu. A mazhabar Malikiyya renon yara haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba. Ƙwace yaro daga hannun uwarsa don huce haushi ba shi da tushe a shari'a, ko da ya zama ruwan dare.

Auren gargajiya dangi kan warware shi, galibi da maido da dukiyar aure. Shi da na Musulunci, in aka sami gardama, kotun yanki ke sauraro, kuma Jihar Filato tana da kotun ɗaukaka ƙara ta kowannensu a Jos.

Amfanin lauya a nan shi ne ya rubuta abin da aka yarda da shi: wurin wa yara za su zauna, nawa ne kuɗin makaranta da na asibiti, yaushe ɗayan zai riƙa ganinsu, yaya za a yi da gida da kayan ɗaki. Alkawarin baki kan shuɗe da zarar ɗaya ya sake aure, amma yarjejeniyar da kotu ta amince da ita hukunci ce, ana iya tilasta bin ta. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi shawara a ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, mata kuma suna iya zuwa reshen Filato na ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. A tafi da takardar aure da takardun haihuwar yara, in an gama kuma kowa ya karɓi kwafin takardar saki ko hukuncin kotu ya adana, domin za a nema ran sabon aure ko ran rabon gado.