Ido Ba Mudu Ba Ne: Ma'aunin Iskar Taya da Tsaron Rayuka a Hanyoyin Sakkwato



GABATARWA

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana tana da gaskiya a kasuwar hatsi, inda tsohuwa takan dubi tsibin gero ta faɗi yawan tiyar da ke cikinsa, ba ta kuskure sosai ba. Manufar wannan lacca kuwa ita ce ta nuna wani wuri guda inda ido bai san kima ba ko kaɗan, watau cikin tayar mota, sa'an nan ta bayyana ɗan ƙarfen nan da aka ƙera domin ya yi aikin da ido ya kasa, wanda direbobi da masu faci suke kira geji.

ASALIN ABIN

Tayar da ake hura wa iska ta yaɗu ne daga shekarar 1888, lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya ɗaura ta a keken ɗansa. Tun daga nan iskar da ke kulle cikin roba ita ce take ɗauke da nauyin abin hawa. Ana auna ƙarfinta da awon da ake kira PSI, ma'ana laba nawa take dannawa a kan kowane inci murabba'i. Ƙaramar mota takan bukaci tsakanin 30 da 35, babbar motar kaya kuwa wajen 100.

Geji iri uku ne. Akwai mai kama da alƙalami, wanda iska take turo masa wani ɗan tsinke mai lambobi. Akwai mai fuskar agogo, wanda galibinsa yake aiki da lanƙwasasshen bututun da Eugène Bourdon ya ƙirƙiro a Faransa a 1849. Akwai kuma na batir, mai rubuta lamba. Dukansu a kan bakin bawul ake danna su, kuma aikin bai wuce na minti biyu ba.

INDA IDO YAKE RUƊUWA

Duk wanda ya tsaya a tashar mota a Sakkwato da sassafe zai ga yaron mota yana zagaya tayoyi, yana shurin wannan da ƙafa, yana ƙwanƙwasa waccan da ƙarfe, yana sauraren amo. Wannan dabara tana gano tayar da ta sace ƙwarai. Ba ta gano wadda ta rage da kaɗan, alhali kuwa ita ce mai haɗari, domin da ita ake kama hanya. Tayar zamani, irin wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, ko da iskarta ta cika, gefenta yakan ɗan buɗe a ƙasa, saboda haka tana iya rasa rubu'in iskarta ido bai lura ba. Bugu da ƙari, ko babu ƙusa, taya lafiyayya takan rasa kamar awo 1 a kowane wata.

Abin da ke faruwa ga tayar da iskarta ta gaza shi ne, gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi kuwa zafi yake haifarwa. In aka haɗa da lodi da gudu da kwalta mai ƙuna, sai robar ta rabu da wayoyin da ke cikinta, tayar ta fashe.

ZAFIN SAKKWATO

Nan ne maganar ta shafi wannan gari fiye da wasu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, a safiyar hunturu kuwa yakan sauko wajen 15. Iskar taya tana ƙaruwa da kamar awo 1 a duk ƙarin digiri 6, watau tsakanin waɗannan yanayi biyu ana samun bambancin kusan awo 4 ba wanda ya taɓa bawul.

Daga nan ne wani kuskure ya samo tushe. Direba ya taso daga Sakkwato da rana tsaka, ya tsaya a Talatar Mafara ko Tambuwal, ya taɓa taya ya ji ta yi zafi ta yi tauri, sai ya sassauta mata iska wai don kada ta fashe. Masu ƙera taya sun riga sun yi lissafin wannan ƙari. Rage iskar sai ya sa gefen ya ƙara lanƙwasawa, zafin ya ƙaru, abin da ake gudu ya matso kusa. Ƙa'ida ita ce a auna taya tana sanyi, da safe, ko bayan mota ta huta kamar awa 3.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne. Lambar da ke rubuce a jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Lambar da ta dace da motar tana kan wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba, ko cikin littafin motar. Mai facin da ya hura ƙaramar mota har 50 ya rage wa tayar kamun ƙasa, ya kuma sa rami ɗaya ya ishe ta.

GEJIN DA KE CIKIN MOTA

Bayan mace-macen da fashewar tayoyin Firestone ta jawo, Amurka ta kafa doka a shekarar 2000, wadda ta sa daga Satumba 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota take zuwa da na'urar da ke kunna fitila gaban direba in iska ta ragu da rubu'i. Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamba 2014. Da yawa daga motocin hannu da ake shigowa da su suna da wannan na'ura, amma batirinta yana cikin taya, kuma yakan mutu bayan wasu shekaru. Sai fitilar ta dawwama a kunne, mai mota ya saba da ita, har ya daina ganinta.

Kada a ɗauka abin na motocin haya ne kaɗai. Ranar 6 ga Maris 2016 Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe.

KAMMALAWA

Mudu ma yakan yi ƙarya in ya lotse, haka gejin mai faci da ya sha faɗuwa cikin ƙura. Don haka ya kamata kowane mai mota ya mallaki nasa, ya san lambar motarsa, ya auna sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, har da tayar ajiya. Jami'in da ke kula da motocin ma'aikata ya sa awon cikin takardar da direba zai cika kafin ya fita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyoyin direbobi suna iya ajiye ingantaccen geji a tashoshi, wanda masu faci za su riƙa gwada nasu da shi. Ɗalibin da zai hau mota zuwa gida hutu kuwa yana da haƙƙin ya tambayi direba ko an auna tayoyin da safen nan.

Allah Ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum.