Kaza da 'Ya'yanta

  Yau za mu ɗaga kai sama kaɗan, mu dubi waɗansu taurari da kowa ya sani tun yana yaro, wato Kaza da 'ya'yanta. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya sa alama a Ayuba 38:31-33 da Luka 13:34, ya karanta su a natse bayan mun gama.

In muka tsaya a Ƙofar Dukawuya, a yammacin birnin Kano, dab da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, a daren hunturu da babu hazo, za mu ga Kaza kusan bisa kanmu. Ɗan cunkoso ne na taurari, kamar 'yan tsaki sun lafe wuri guda. Mai ido sosai yakan ƙirga shida ko bakwai. Zuwa watan Mayu, sa'ad da manoma suke jiran ruwan shuka, sai ta ɓace daga sararin yamma, ba a sāke ganinta sai daga baya da asuba.

Kusa take a ido, amma nisanta ya wuce misali. Haske yana gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Hasken rana yakan iso mu cikin minti 8. Amma hasken Kaza sai ya yi tafiyar wajen shekara 440 kafin ya shiga idonmu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna an gina ganuwar da ta bi ta Dukawuya zuwa Kabuga a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623. Ashe hasken da za mu gani a daren yau ya riga ya kama hanya tun ba a ɗora tubalin farko na wannan ganuwa ba.

To, 'ya'yan Kaza nawa ne? Kakanninmu sun ga shida ko bakwai. A shekarar 1610 wani masani na ƙasar Italiya mai suna Galileo ya dube su da madubin hangen nesa, ya zana taurari 36. Da aka sami madubai mafiya ƙarfi, sai aka ƙirga fiye da 1,000. Kowa ya zaci iyakar gidan ke nan.

Sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 waɗansu masana uku a Amurka, Andrew Boyle da Luke Bouma da Andrew Mann, suka fito da sakamakon wani bincike. Sun ce cunkoson da muke gani tsakiyar gida ne kawai. Sun gano taurari fiye da 3,000 waɗanda asalinsu ɗaya ne da Kaza, amma sun warwatse a faɗin sararin sama, har haske yakan yi wajen shekara 1,900 kafin ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Waɗansunsu sun yi nisa ƙwarai, har wanda ya dube su ba zai taɓa cewa suna da dangantaka da ita ba. Suna nan a cakuɗe cikin dubban taurari baƙi.

Ta yaya aka shaida su? Da alamu uku. Ta fari ita ce tafiya. Akwai wani madubi mai suna Gaia da ƙasashen Turai suka harba sama a 2013, ya yi aiki har zuwa 2025, yana auna nisan taurari da inda kowanne ya nufa. Da shi aka ga waɗannan warwatsattu suna tafiya gefe guda, da sauri kusan iri ɗaya, in kuma aka bi sawunsu baya sai su haɗu a yanki ɗaya. Ta biyu ita ce shekaru. Tauraro yana juyawa kamar katantanwa, sabo yana juyi da sauri, in ya tsufa sai ya rage. Ranarmu takan ɗauki kusan wata guda kafin ta juya sau ɗaya, amma 'ya'yan Kaza masu kama da ita cikin 'yan kwanaki suke gamawa. Wani madubi na Amurka mai suna TESS, wanda aka harba a 2018, shi ne ya auna wannan, gama tauraro yana da tabo a jikinsa, in tabon ya juyo wajenmu sai haskensa ya ɗan dushe, in ya wuce ya komo. Ta uku ita ce abin da yake cikinsu. Da aka rarrabe haskensu, sai aka ga sinadaransu iri ɗaya ne. Masanan suka ce daga gajimare ɗaya na iska da ƙura aka haife su, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce bisa ga lissafinsu, sa'an nan sannu a hankali suka rarrabu.

'Yan'uwa ƙaunatattu, wa zai ji wannan bai tuna da gidansa ba? Da yawa cikinmu mun girma a gida ɗaya, muna ci a akushi ɗaya, muna zama a benci ɗaya ran Lahadi. Yau ina muke? Wani neman abinci ya kai shi Legas, wata aure ya kai ta Maraɗi, wani karatu ya ƙetare da shi teku. Akwai waɗanda tashin hankali ya kore su daga ƙauyensu da dare, ba su ɗauki kome ba sai rigar jikinsu. Akwai uwa da take sauraronmu yanzu, ta yi shekara ba ta ji muryar ɗanta ba. Akwai ɗalibi a ɗakinsa, yana ganin kamar ba wanda ya san da shi. A waɗansu ikilisiyoyi, in aka ƙirga kawuna, sai a ga shida ko bakwai ne suka rage, har zuciyar mai wa'azi ta karai.

Ayuba ya san irin wannan rashi. 'Ya'yansa goma sun tafi rana ɗaya, dukiyarsa ta ƙare, abokansa kuma suka ɗora masa laifi. Sa'ad da Allah ya amsa masa, cikin tambayoyin da ya yi masa akwai ta waɗannan taurari: ko Ayuba yana da ikon ɗaure su wuri guda? Ba shi da shi, mu ma ba mu da shi. Masana sun auna su, sun ƙirga su, muna kuwa gode wa Allah saboda hikimar da ya ba su, amma ba wanda zai iya komo da ko ɗaya. Su da kansu sun ce 'ya'yan Kaza za su ci gaba da yin nisa da juna. Zabura 147 ta haɗa abu biyu a wuri guda: Allah da ya san yawan taurari da sunan kowanne, shi ne mai tattara korarru, mai ɗaure raunin masu karyayyar zuciya. Tun kafin a ƙera madubi, waɗannan 3,000 ba su taɓa ɓace masa ba. Mu ne ba mu gani ba.

A nan ne labarinmu ya bambanta da na taurari. Ubangiji Yesu ya kwatanta kansa da kaza mai marmarin tattara 'ya'yanta a ƙarƙashin fikafikanta. Abin da ya sa shi baƙin ciki shi ne mutanen sun ƙi. Nisa bai taɓa hana shi ba, ƙin zuwa ne yake hanawa. Saboda haka sai mu tambayi kanmu: in an dube mu a inda muka warwatse, da me za a shaida gidanmu? An gane taurarin nan da tafiyarsu. Mu fa, tafiyarmu a kasuwa, da wurin aiki, da zamanmu da maƙwabta, Kirista ko Musulmi, tana nuna na wane ne mu?

Ga abin da za mu yi a makon nan. Kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya ɓace daga cikinmu, ya neme shi, ko da waya ko da ƙafa. Kada mu ce ya yi nisa. In kuwa kai ne ka yi nisa, ɗan'uwa, ƙofa tana buɗe.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, ka san inda kowane ɗanka yake a daren nan. Ka ta'azantar da iyayen da suke jira, ka kiyaye waɗanda suke baƙunci, ka komo da waɗanda suka bauɗe. Ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ubangiji ya sa muku albarka.