Littattafai Uku Don Gida Ɗaya

Jawabi ga iyaye na ikilisiyoyin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

 

Yawancin littattafan tarbiyya da ake kawo mana daga Amurka da Ingila suna magana ne a kan gidan mata da miji da 'ya'ya biyu. Mu kuwa a gidajenmu akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ɗan riƙo, maigida kuma yakan tafi cin rani Kano ko Legas. Saboda haka littafin da mutum ɗaya ya karanta a ɗaka ba ya gyara gida. Sai an karanta shi a tsakar gida, kowa ya ji. Ga guda uku da nake roƙo mu fara da su.

Na farko, domin masu goyo. A shekarar 1989 UNICEF da UNESCO da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da Facts for Life. Tun 2001 shawarar hukumar ita ce jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, domin nono ya ishe shi, ruwa marar tsabta kuma yana kawo gudawa. To, amma wa ke ɗura wa jariri ruwa a zafin bazara? Sau da yawa kaka ce, cikin ƙauna, uwar kuwa kunya ba ta barinta ta yi musu, balle a kan ɗan fari. Mai jin Turanci ya fassara wa kaka da kansa.

Na biyu, domin masu 'yan mata. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta wallafa Wa Zai Auri Jahila? Labarin Abu ne, wadda mahaifinta ya cire ta daga makaranta, aka aurar da ita ga tsoho, ta sha wuya kafin ta koma karatu. Marubuciyar Musulma ce, damuwar kuwa tamu ce duka. Jihar Jigawa ta samu dokar kare yara a 2021, amma doka ba ta zama a zaurenmu ranar da ake yanke maganar aure. Iyaye maza, ku ya kamata a karanta wa wannan.

Na uku, domin tsofaffi da surukai. Yana cikin Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi cikakke da Hausa tun 1932. Littafin Rut sura 4 ne kacal. Na'omi ta rasa miji da 'ya'ya biyu a Mowab, matar ɗanta Rut ta bi ta zuwa Baitalami, ta yi kala a gonar Bo'aza ta ciyar da ita. Mu tambayi kanmu: gwauruwar da ke gidanmu, wa ke auna mata gero idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa?

Roƙona shi ne kowace ikilisiya ta zaɓi mutum ɗaya mai karatu, ya riƙa bi gida gida da yammacin Lahadi. Ya karanta shafi biyu, ya yi shiru, ya bar manya su fara magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya albarkaci gidajenmu, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.