ƘURI'ARMU TANA GIDA, RUMFARMU TANA ABUJA

(Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya)

 

An nemi in ɗan yi bayani kan zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, da dalilin da ya sa ake barinmu a baya a cikinsa. Kowa ya sani nan Babban Birnin Tarayya ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Minista Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shi, dokokinmu kuwa Majalisar Tarayya ce ke yi. Saboda haka hukumar da ta fi kusa da talaka, wadda kuma yake zaɓa da hannunsa, ita ce ƙaramar hukuma. Shida ne: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, masu mazaɓun kansila 62. Hukumar INEC ce da kanta ke gudanar da zaɓensu.

To, jama'a, ku lura da lokaci. A da, wa'adin ciyaman a nan shekara uku ne, na gwamna kuwa huɗu, don haka zaɓukan ba su cika haɗuwa ba. A 2016 an yi namu shi kaɗai: APC ta ci biyar, APGA ta ɗauki Gwagwalada. A 2019 ya faɗo rana ɗaya da na gwamnoni, 9 ga Maris: PDP ta karɓe Bwari da Kuje. A Fabrairun 2022 aka sake yin sa shi kaɗai, sai aka tashi uku da uku: PDP ta ƙara da AMAC, APC ta riƙe Gwagwalada, Kwali da Abaji.

Shekara ɗaya tak bayan haka, a zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023, sai ga jam'iyyar Labour, wadda ba ta da ciyaman ko guda, ta ci Abuja da ƙuri'u 281,717, APC ta sami 90,902, PDP kuma 74,194. Har kujerar Sanata ta ƙwace, Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda. Shin mutanen Abuja ne suka sake ra'ayi cikin wata goma sha biyu? Wasu sun sake, gaskiya ne. Amma babban dalili shi ne, waɗanda suka fito a 2023 yawancinsu suna kwance a gida a 2022. A wancan zaɓen, ƙuri'un da suka ba ciyaman ɗin AMAC nasara ba su kai 20,000 ba. Wato ranar da jama'a ba su fito ba, 'yan kaɗan ne ke yanke wa kowa hukunci.

Mu fa, ina muke? Da yawanmu katinmu na Kano ne, ko Katsina, ko Zariya. Zaɓen gwamna in ya zo, sai mu cika motoci a tashar Zuba mu tafi gida. Ranar zaɓen kansila kuwa, muna bakin rumfa muna kallo. Alhali kuɗin rumfa a kasuwar ƙaramar hukuma, takardar izinin sana'a, kwashe shara, makarantar firamare da ƙaramin asibitin unguwa, duk suna da nasaba da ofishin da muka ƙi zaɓa. In an tsawwala mana haraji mun je kuka, wa zai saurari wanda ba shi da ƙuri'a?

Dokar Zaɓe ta 2022 ta mai da wa'adin shekara huɗu, wato zaɓen namu zai riƙa zuwa shekara guda kafin babban zaɓe. Ba sauran uzurin tafiya gida. Sai dai mutum ba ya rajista wuri biyu, laifi ne. Abin da doka ta yarda da shi shi ne, in INEC ta buɗe rajista, ka nemi a dawo maka da katinka mazaɓar da kake zaune.

Ban ce a zaɓi wane ba, ƙungiyarmu ba ta siyasa ba ce. Roƙona dai, wanda iyalinsa da sana'arsa suke nan, to ƙuri'arsa ma ta dawo nan. A kuma yi haka cikin girmama masu masaukinmu, Gwari da sauran 'yan ƙasa, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba mu shugabanni nagari.